Wa Ya Koya Wa Hedimastanku Aiki?

Yau da zafina na zo, kuma na san akwai waɗanda za su ga kamar da su nake. To, da su ɗin nake.

Makon jiya an gayyace ni walimar buɗe wata sabuwar makaranta a nan Lafiya, irin waɗannan namu na Islamiyya da boko a haɗe. Gini ya yi kyau, an sa tayil, an sha fenti, har da bas mai sunan makaranta a jikinta. Da aka zo gabatar da hedimasta sai na ga ɗan ƙanen mai makarantar ne, yaron da bai fi wata huɗu da gama bautar ƙasa ba. Yana da ladabi, digirinsa kuma na gaske ne. Amma da na ja shi gefe na tambaye shi ko ya taɓa riƙe rajistar aji ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai a hankali za mu koya." A kan 'ya'yan wa za a koya?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ne fa mutanen da suka fi kowa sanin darajar zama a ƙarƙashin maigida. Iyayenmu da kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Zazzau suka sauka a Lafiyar Barebari saboda fataucin doya da riɗi da shanu, babu ɗayansu da ya taɓa miƙa wa yaro makullin rumfa don kawai ɗan ɗan'uwansa ne. Sai ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana kallon yadda ake ciniki da yadda ake bin bashi. Yaron mota sai ya daɗe yana wanki da ɗaure kaya kafin a bar shi ya taɓa sitiyari. A tsangaya kuwa, daga kolo sai titibiri, sai gardi, kuma gardi ya daɗe yana biya wa ƙanana karatu a gaban malam kafin a sallame shi ya kafa tasa. Amma makarantar da ke ɗauke da yara ɗari uku, wannan kowa ma ya iya, in dai yana da kwali da ɗan'uwa mai kuɗi.

Da bakina nake faɗa, ni ma haka aka yi mini, kuma na san abin da ya jawo. Ina fitowa da NCE ɗina dattawan unguwarmu suka ɗora ni a kan makarantar da suka gina da kuɗin karo-karo. Na ji daɗi, har sabuwar hula na saya. A shekara ta biyu, lokacin tura sunayen 'yan aji shida don jarrabawar shiga sakandare, na kwafe sunaye daga wata takarda da malamin aji ya ba ni, ban duba babbar rajista ba, don ban ma san ana yin haka ba. Sunan yarinya ɗaya ya faɗi. Ita ce ta biyu a ajin. Ranar jarrabawa ta zo da fensirinta da sabon hijabi, aka ce babu lambarta. Na je na roƙi mahaifinta ya bari ta sake shekara, ya ce shi dama ba da son ransa take bokon ba, ga shi Allah ya raba gardama. Ba ta sake komawa aji ba. Har yau ina ganin ta a kasuwa, tana gaishe ni da "Malam", ni kuwa ban iya haɗa ido da ita.

Bayan wannan ne na ajiye kujerar, na je na zama mataimaki a ƙarƙashin wani tsohon hedimasta ɗan ƙabilar Eggon, mai takardar Gireti Tu ta zamanin da. A kan takarda na fi shi ilimi. A aiki kuwa ko kusa. Shekara guda da rabi na yi da shi. Ƙarfe bakwai yana bakin ƙofa, ba don ya doki masu latti ba, don ya ga wane yaro ya zo bai karya ba, wane malami ya zo ransa a ɓace. Shi ya nuna mini dalilin da ya sa ake sa lissafi da safe a jadawalin darussa, da yadda ake gane daga rajista cewa yaran wata unguwa suna ɓacewa duk ranar kasuwa ko lokacin haƙar doya. Idan zai duba malami yana koyarwa, sai ya zauna a bayan aji shiru, gyara kuwa sai a ofis, su biyu kaɗai. Ko naira goma ta shigo sai an yanka rasit. Wata rana wani uba ya shigo yana zage-zage, na miƙe zan rama, sai tsohon ya ce, "Malam, ba shi kujera tukuna. Mutum ba ya daɗewa yana faɗa a zaune." Jerin sunayen jarrabawa kuwa, sau uku ake karanta shi da ƙarfi a gaban yara, kowa ya amsa sunansa, kafin ya sa hannu. Ranar da na fara ganin haka sai da na fita waje.

Na san abin da wasu za su ce: me ya sa ba ka je wurin namu ba? Wannan girman kai yana cikin abin da ke cin mu. Tun kafin a cire Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, makarantun gwamnati na wannan yanki Eggon da Alago da Mada da Gwandara da sauran maƙwabtanmu suna cikin masu riƙe da su, kuma sun tara gogewa ta shekara da shekaru. 'Ya'yanmu da yawa kuwa maganar takardar zama ɗan asalin jiha takan tare su a ƙofar aikin gwamnati, don haka ba su cika bin wannan tsani na malamin aji, babban malami, mataimaki, sannan hedimasta ba. Makarantunmu na kanmu su ne inda muke shugabanci. To in ba mu da tsanin, kuma muna ƙyamar aron na maƙwabci, da me za mu hau?

Wasu kuma za su ce amana ce, gara naka ya riƙe maka kuɗi. To ku sa shi ma'aji mana! Riƙon kuɗi daban, riƙon makaranta daban. Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya fito daga Kwalejin Katsina a 1933, sai da ya yi shekaru da alli a hannu a Midil ta Bauchi kafin ya zama hedimasta, kuma duk da haka ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Ingila ta fito da takardar shaida ta musamman ga masu son shugabancin makaranta tun 1997. A nan gida ma akwai cibiyar NIEPA a Ondo da aka kafa don horar da masu tsara ilimi da gudanar da shi. Rajistar TRCN da ake ta nema shaidar malanta ce, ba ta ce ka iya jan ragamar malamai ashirin ba.

Ba wani abu mai tsada nake nema ba. Garin nan cike yake da tsofaffin hedimastoci da firinsifal-firinsifal da suka yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida suna jiran fansho. Duk mai makaranta da ke son ɗora ɗansa ko ƙanensa, ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ya ba shi kujerar na shekara guda, yaron ya zauna mataimaki, ya riƙe aji, ya haɗa jadawali da hannunsa, ya zauna a taron iyaye da malamai yana saurare, ya ga zangon karatu uku sun wuce ta gabansa. Abin da za a biya dattijon bai kai kuɗin tayoyin bas ɗin nan ba. Masu nazarin ilimi a Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Ilimi ta Akwanga ba nisa gare su ba, in ana son a tsara abin a rubuce.

Na faɗa wa mai makarantar haka a wurin walimar, gaban mutane, ya ce zai neme ni. Yaron dai ya zo gidana shekaranjiya da daddare, da littafi da biro, ba da sanin baffan nasa ba. Mun fara da rajista.