Albashi sai ƙarshen wata, haya tun ranar farko

Da zarar takardar ɗaukar aiki ta iso daga ƙasar waje, abu na farko da mai ita yake yi shi ne ya ɗauko waya ya buga albashin da farashin canji na ranar. Fam 2,000 ko riyal 8,000 idan aka juya su zuwa naira sai su koma miliyoyi, nan take gida ya ɗauki murna, wasu har sun fara lissafin rabonsu. Abin da ba a cika bugawa a wayar ba shi ne kuɗin haya da ranar da za a neme shi. A Ingila da Dubai da Riyad, albashi yana jiran ƙarshen wata, mai gida kuwa ba ya miƙa makulli sai ya ga kuɗinsa. A wannan tazarar ce masu tafiya aiki da yawa suke cin bashin da zai bi su shekara guda.

Ɗauki ma'aikaciyar jinya da ta sami aiki a Ingila. Dokar biza tana neman ta nuna fam 1,270 da suka kwana 28 a asusunta, sai fa idan mai ɗaukar ta aiki ya rubuta cewa ya ɗauki nauyinta. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan adadi a matsayin guzurin da zai isa, alhali ko kusa. Dokar kuɗin haya ta 2019 ta yarje wa mai gida ya karɓi kuɗin ajiya har na mako biyar, ga hayar watan farko da ake biya kafin a tare. Idan ɗakin fam 800 ne a wata, ajiyar za ta kai wajen fam 920, a haɗa da hayar ta haura fam 1,700. Ba a yi maganar harajin ƙaramar hukuma ba, ba a yi ta wuta da gas da kuɗin mota ba. Baƙo kuma ba shi da tarihin biyan bashi a ƙasar, don haka sau da yawa dillali zai ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Bizar aiki ba ta ba shi damar neman tallafin haya daga gwamnati, idan aljihu ya bushe.

Akwai inda dokar ta kare shi, kuma ya kamata ya sani. Dole mai gida ya saka ajiyar nan cikin ɗaya daga cikin asusan da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma sanar da ɗan haya inda take. Wanda ya miƙa kuɗi hannu da hannu ga wani “ɗan'uwa” da ya sayar masa da gado a ɗakinsa, ba takarda ba shaida, ya yar da wannan kariyar da kansa.

Dubai kuma tata al'adar daban. Can ana yin yarjejeniya ta shekara, a biya da cek ɗaya ko biyu ko huɗu masu ɗauke da kwanan watan gaba, kuma yawanci mai cek kaɗan shi ke samun rangwame. Gidan dirhami 60,000 a cek huɗu yana nufin 15,000 a ranar farko. Ajiya ta kan zama kashi 5 cikin ɗari a gidan da ba kaya, la'adar dillali ma haka, ga dirhami 2,000 na ajiyar hukumar ruwa da wuta ta DEWA, ga kuɗin rajistar yarjejeniyar haya ta Ejari. Kafin mutum ya kwana a gidan ya fitar da sama da 23,000. Bayan haka wani kashi 5 na hayar shekara zai riƙa biyo shi a takardar wuta wata-wata, da sunan kuɗin gidaje. Littafin cek ɗin ma ba ya samuwa sai da asusun banki, asusun kuma sai takardar zama ta fito. Zuwa da wuri dai ya fi zuwa da wurwuri.

A Saudiyya ana rubuta yarjejeniyar haya a manhajar Ejar, an kuma saba biya kashi ɗaya ko biyu a shekara. Mai son ɗauko iyali ya sa a lissafi cewa ana biyan riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa. Mata da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan kowane wata, kafin a sayi ko buhun shinkafa.

Sai gida na biyu, wanda aka baro. Magidancin da iyalinsa ke haya a Kano ko Kaduna ko Abuja yana ɗauke da haya biyu masu jadawali daban, ɗaya a wata ko zango, ɗaya a dunƙule a shekara. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a raba hayar gida kashi goma sha biyu, a riƙa ware kashi ɗaya duk wata a asusun da ba a taɓawa, tun kafin a fara amsa saƙon biki da suna. Canji ma ba abin dogaro ba ne. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ke aiko da kuɗi ya ci ribar wannan, amma wanda ya sayar da fili ya ajiye nairar yana jiran biza ya ga guzurinsa ya narke a hannu. Riyal da dirhami a ɗaure suke da dala, don haka duk motsin dala a kasuwar canji ta Wapa motsinsu ne.

Saboda haka kafin a sa hannu a takardar aiki, akwai tambayoyin da suka fi girman albashi gaggawa: yaushe ne albashin farko zai shiga, kamfani yana ba da masauki na makonnin farko, yana ba da rancen kama haya, kuma kuɗin gida yana cikin albashin ne ko daban yake? A nemi amsar a rubuce. Kada a tura wa kowa ajiya kan gidan da aka gani a hoto kawai, domin 'yan damfara sun daɗe suna farautar baƙi ta wannan hanya.

Ga 'yan'uwa da ke gida ma akwai kira. Wanda ya tafi bai fara cin albashinsa ba a wata ukun farko, yana cike ramin da tafiyar ta haƙa ne. A ɗaga masa ƙafa har ya biya bashin jirgi da na haya, sannan a fara aika masa da buƙatu.