Ido Ne Ke Ɗaukar Hoto, Ba Kyamara Ba

Matasa da yawa suna sha'awar ɗaukar hoto, amma sai ka ji suna cewa, "Sai na sami babbar kyamara zan fara." A ganina wannan kuskure ne. Mai jiran kyamara mai tsada zai iya yin shekaru bai ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Mu dubi misalin J. D. Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 a yankin da yake cikin Jihar Edo a yau. A 1950 ya sayi wata ƙaramar kyamara samfurin Brownie, ya fara koyo da ita. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya, har ya tara kusan 1,000. Kowa yana ganin kitso kullum, amma shi ne ya lura cewa abin adanawa ne. Kafin ya rasu a 2014, an nuna hotunansa a manyan biranen duniya. Ashe idonsa ne ya ɗaukaka shi, ba tsadar kayan aikinsa ba.

Kyamara iri biyu ce. Akwai mai amfani da fim, akwai kuma ta dijital. Naɗin fim ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36 kawai, kuma ba a ganin hoton sai an wanke fim ɗin da sinadarai a ɗaki mai duhu. Ita kuwa ta dijital, wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya ƙera ta farko a 1975. A yau irinta ce a cikin wayoyinmu, tana nuna hoto nan take.

To, da wacce ya kamata mai koyo ya fara? Wasu suna cewa da fim, domin yana koya wa mutum haƙuri. Wanda ya san saura hoto biyar fim ɗinsa ya ƙare, ba zai danna maɓalli ba sai ya yi tunani. Wannan gaskiya ne. Sai dai fim yana da tsada, kuma wuraren wanke shi sun yi ƙaranci. Ban da haka, ɗalibi ba zai ga kuskurensa ba sai bayan kwanaki, alhali mai dijital yana gani ya gyara a nan take.

Shawarata ita ce, a fara da dijital ko da ta waya ce, amma a ari haƙurin mai fim. Ka ƙayyade wa kanka hoto 36 a mako. Kafin ka ɗauki kowanne, ka tambayi kanka, "Me nake so a gani a nan?"

Sannan ka kula da abubuwa uku. Na farko haske. Hasken safiya da na la'asar sun fi na tsakar rana taushi, domin rana tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin idanu. Idan rana tana bayan wanda kake ɗauka, fuskarsa za ta yi duhu. Na biyu natsuwa. A wuri mai ƙarancin haske kyamara takan daɗe a buɗe don ta tara haske, saboda haka idan hannunka ya yi rawa, hoton zai yi dishi-dishi. Na uku ladabi. Kada ka ɗauki hoton mutum ba tare da izininsa ba, kada kuma ka yaɗa shi sai ya yarda.

Me ya sa za a fara yanzu? Domin abubuwan da ke kewaye da mu ba sa jira. Kakarka da ke daka a tsakar gida, masaƙin unguwarku, tsohon ginin makarantarku, wata rana za a neme su a rasa. Ka ɗauke su, ka zaɓi mafi kyau ka kai a buga maka a takarda, domin waya tana iya ɓata ko ta lalace. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jikokinka za su ji labarin kakarka, amma hoton da ka ɗauka ne zai nuna musu fuskarta.