GONAR ARO BA TA CIN TAKI

Jama'a, tun 2014 da fitinar Boko Haram ta tsananta, 'yan'uwanmu na Barno da Yobe suka yi ta gudowa, waɗansu suka sauka nan Jigawa. An ba su masauki, an ba su tsaba, madalla. Amma buhun gero, kwana nawa ne?

Abin da ya kamata a ba su gona ce, ba kuwa ta aro ba. Kowane manomi ya sani, wanda aka ara wa gona ba ya kai mata taki, ba ya rainon gawo, don bai sani ba ko baɗi mai ita zai karɓe abinsa. Sai ya ƙare a ƙwadago.

Za a ce ƙasa ta yi ƙunci. Haka ne. Amma da kamfanin sukari ya nemi fili wajen Gagarawa da Sule Tankarkar, ai an samo masa hekta 12,000, masu gonaki suna kuka. Ashe eka biyar-biyar ce za ta gagara?

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma. To, hukumomin ƙasar Gumel su yanka musu, dagaci ya shaida, a rubuta takarda. In riɗi ya yi kyau, kaka ɗaya sai magidanci ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis ya jawo akuyarsa.