Rini da rilaksa a gida: kar garin neman gira mu rasa ido

Idan kina hawa TikTok ko Instagram, na san kin sha cin karo da irin bidiyon nan. Wata ta jingina waya a gaban madubi, ta yage 'yar leda, ta dama abu a roba, ta lafta a kai. Cikin sakan talatin sai ga gashi ya kwanta luf yana sheƙi, ko ya koma ruwan zuma. A ƙasa kuma an rubuta cewa zuwa salun asarar kuɗi ce. Kai ma ɗan uwa ba a bar ka a baya ba, na san ka taɓa raya rina saman askinka kafin Sallah ko bikin aboki.

Matsayata a kan wannan a fili take. Wanki, shafa mai, taza da tsifa, a yi su a ɗaki, ba laifi. Amma duk abin da zai sauya launin gashi ko ya miƙar da shi da ƙarfin sinadari, a kai wa wanda ya koyi aikin.

A sashenmu na koyon aikin jarida, cikin abubuwan farko da ake cusa mana akwai tambayoyi biyu: wa ya biya kuɗin wannan saƙo, kuma me aka yanke daga cikinsa? Bidiyon talla yana nuna miki kafin a shafa da kuma minti goma bayan an wanke, ƙarƙashin fitila mai haske da filta. Ba ya nuna miki mako uku bayan nan, lokacin da mataji ya fara fitowa cike da gashi. Mai tallar ta karɓi kuɗinta ta wuce. Kan da aka gwada abin a kai naki ne.

Mu fara da rilaksa. Gashinmu yana murɗewa ne saboda wasu ƙulle-ƙulle da ke cikin kowane sili. Aikin rilaksa shi ne ta tsinka su, kuma wanda ta tsinka ba ya komawa yadda yake. Da yawa daga cikin mayukan nan da soda ake yin su, za ki ga an rubuta sodium hydroxide a jikin roba. Ita ce dai sodar da ake haɗa sabulu da ita, wadda masu sabulun kansu ba sa yarda ta taɓa musu hannu. Waɗanda aka rubuta babu soda a jikinsu ma, wani ɗan uwanta ne a ciki, shi ma yana ƙuna. A ma'aunin pH, fatar kai tana wajen 5.5, rilaksa kuwa daga 12 take zuwa sama.

Ƙa'ida ita ce sabon tsiro kaɗai ake shafa wa, wato ɗan abin da ya fito daga tushe. Gashi kuwa kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, shi ya sa ake son a bar wajen mako 8 tsakanin shafawa da shafawa. To don Allah ki gaya mini, da madubi ɗaya a ɗakin hostel, ta yaya za ki ware santimita 2 a ƙeyarki? Ba zai yiwu ba. Maimaita man za ki yi a kan gashin da ya riga ya sha, daga nan sai karyewa. Maganar nan kuma da muka taso muna ji, wai sai ya yi zafi yake kamawa, a daina ta. Zafin nan ƙuna ce. Idan ta yi zurfi ta bar tabo, wurin ba ya sake tsiro, ko man wace ƙasa kika sayo.

Sai rini. Yawancin baƙin rini mai daɗewa yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD. Shi ne kuma ake zubawa a baƙin lalle don ya kama da wuri ya yi baƙi ƙirin, domin lallen ganye na gargajiya ja yake yi. Matsalar PPD ita ce jiki yana iya haƙuri da shi sau ɗaya, sau biyar, rana ɗaya ya ƙi shi. Daga ranar da ya ƙi kuwa, ya ƙi ke nan har tsufa. Mai yawan ƙunshin dayis tana iya ɗaukar wannan matsala ba ta sani ba, sai ranar da ta rina gashi ta wayi gari fuska ta kumbura, ido ya rufe, kai yana tsatsar ruwa. Shi ya sa kamfanonin kirki suke rubuta cewa a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, a jira awa 48. Mu kuwa daren kamu muke tuna rini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Tarayyar Turai, doka ta ce kada PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rini, kuma ana rubuta gargaɗin cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba. Wannan 'yar ledar da aka sayo a tebur, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, kashi nawa ne a cikinta? Mai sayarwar ma bai sani ba.

Samari, ga naku. Baƙin gashi ba ya komawa fari ko ruwan gwal sai an fara cire masa launinsa da hodar bilicin da ruwan feroksaid. Ruwan nan hawa-hawa ne: akwai mai ƙarfin kashi 3, da 6, da 9, da 12. Mai gaggawa mafi ƙarfin yake ɗauka, ya lafta har fatar kai, ya ɗaura leda ya zauna yana danna waya. Idan kuma aka haɗa bilicin da gashin da ya sha rilaksa, to sai dai a yi ta'aziyya.

Akwai kuma abin da ya fi karyewar gashi nauyi. A 2022, masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, sun fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, yayin da masu amfani da shi fiye da sau 4 a shekara suka kai kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke hukuncin cewa man ne sanadi ba, kuma zuwa salun ba ya goge wannan. Amma ki lura da batun yawan shafawa. Wadda robar ke ajiye a kan madubinta ta fi saurin ɗauka duk lokacin da ta ga tushe ya ɗan taso.

Na san abin da za ki ce: kuɗi. Gaskiya ne, ɗaliba mai lissafin kuɗin handawut da na Napep ba ta da rarar zuwa salun kowane wata. Amma ai ba kowane wata ake buƙata ba. Sau uku ko huɗu a shekara a hannun gwana ya fi arha a kan kuɗin likitan fata, da mayukan dawo da gaban goshi, da hular gashin rufe asiri. Araha ba ta ado. Wata kuma za ta ce ba ta son buɗe kai a shagon da maza ke leƙowa. Wannan ma hujja ce, sai dai yanzu akwai shagunan mata zalla, akwai kuma masu zuwa har gida.

Kuma kar ki ɗauka duk mai allo da na'urar busar da gashi gwana ce. Akwai shagunan da ake ɗura man banza a robar mai tsada. Don haka ki yi tambaya, kuɗinki ne. A nuna miki robar, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki lura ko ta tambaye ki yaushe rabonki da rilaksa ko rini, ko ta duba fatar kanki don ganin ƙurji ko makero, ko ta sa safar hannu, ko ta shafa miki man kariya a goshi da kunne, ko tana duba agogo. Wadda ta ce ki daure alhali kanki yana ci da wuta, ki ce a wanke yanzu-yanzu.

Abin da ya rage a gida kuwa yana da yawa, kuma shi ne ainihin gyaran: wanki a kan lokaci, karkashi, man kaɗe, man kwakwa, jan lalle na ganye, da kitson da bai ɗaure har jijiyar goshi ta tashi ba. Iyayenmu da waɗannan suka riƙe gashinsu.

Kafin ki danna odar wannan ledar da kika gani a bidiyo, ki shiga wurin sharhi ki tambayi mai tallar ta nuna miki kanta bayan wata ɗaya, ba filta. Idan ta amsa, ki turo mini.