Nisan Helsinki da Tokyo, da Wanda Ke Biyan Kuɗinsa

Tsakanin Helsinki, babban birnin Finland, da Tokyo akwai kimanin kilomita 7,800 ta hanya mafi gajarta, wadda ke ratsa samaniyar Rasha. Kafin 2022 jirgi kan cinye wannan tazara cikin sa'o'i tara da ɗoriya. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke, Tarayyar Turai ta hana jiragen Rasha shiga samaniyarta, Rasha ta rama, sai tafiyar ta koma kusan sa'o'i 13. Jiragen Finnair suka shiga zagaye, ko ta ƙuryar arewacin duniya ko ta kudu, kowace ƙarin sa'a kuwa ƙarin mai ne da kuɗin tikiti.

An ga irin haka a watan Agustan 2023, lokacin da Nijar ta rufe samaniyarta bayan juyin mulki, jiragen Turai masu zuwa Najeriya suka riƙa kewayawa. Gwamnatoci na ɗaukar rufe samaniya a matsayin makami mai arha, domin shugabanni ba sa jin zafinsa. Ɗalibi da ɗan kasuwa da majinyaci ne ke biya. Ya kamata duk wanda zai yanke irin wannan hukunci ya fara lissafa wahalarsu kafin ya sa hannu.