Idan Rabin Ruwa Ya Ƙare, Ku Juyo

A kudancin jihar Arizona ta Amurka, birnin Tuson yana zaune tsakanin ɓangarori biyu na wani gandun daji na ƙasa, ɗaya a gabas a gindin duwatsun Rinkon, ɗaya a yamma a duwatsun Tuson. Saguaro ake rubuta sunansa, Sawaro ake faɗa. Sunan wani tsiro ne mai ƙaya, wanda ya yi kama da ƙerana a ido, sai dai shi tsayinsa yakan haura mita 12, yana miƙe da rassa sama kamar mutumin da ya ɗaga hannuwa. Shekara 150 ba komai ba ce a wurinsa, kuma yakan shekara 50 ko fiye kafin ya fitar da reshen farko. Tun 1933 gwamnatin Amurka ta keɓe wurin, a 1994 kuma ya zama cikakken gandun daji na ƙasa.

Idan karatu ko aiki ko ziyarar 'ya'ya ta kai ku wannan yanki, da wuya a rasa wanda zai ce a je a taka hanyoyin Sawaro. Ku je, kuma ku tafi da majinyacin gidanku, kada ku bar shi yana gadin ɗaki. Amma ku auna tafiyar da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikinku, ku auna ta da agogo, sannan ku amince tun daga gida cewa da zarar rabin ruwan da kuka ɗauka ya ƙare, tafiya ta ƙare, ko da ƙololuwar dutsen tana gabanku kuna kallo.

"Ai mu 'yan rana ne"

Kalmar da na fi tsoro a bakin Bahaushen da ya isa hamadar wata ƙasa ita ce wannan. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas yana da hujjar faɗinta, domin ya san zafin Afrilu. Sai dai jure zafi ba gado ba ne da ake riƙewa har abada. Jiki ne yake koyonsa cikin mako ɗaya zuwa biyu: ya fara zufa da wuri, ya rage gishirin da yake zubarwa, ya ƙara yawan ruwan da ke cikin jini. Idan aka bar zafin, cikin 'yan makonni jiki yakan saki wannan sabo. Wanda ya shekara biyar a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, a garin da ake zuba ƙanƙara, ba shi da sauran wannan kariya, ko da an haife shi a bakin Sahara.

Ku kuma tuna yadda iyayenmu suke zama da zafin. Manomi yana sammako ne, ya tashi daga gona kafin rana ta take, ya nemi gindin tsamiya ko darbejiya. Sanin zafi kenan na gaskiya, a kauce masa. To, a Sawaro wannan inuwa ce babu. Tsiron ba shi da ganye, inuwarsa siririya ce kamar ta turke. A watan Yuni zafin Tuson yakan kai digiri 38 ko fiye kusan kullum, kuma a 1990 ya taɓa kaiwa 47. Iskar busasshiya ce, tana shanye zufa tun kafin ta jiƙa riga, saboda haka mai tafiya zai iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya yana ganin kamar bai yi gumi ba.

Ku zaɓi hanya da ƙafar mai rauni

Hanyoyin gandun ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne rahamar take. A ɓangaren gabas akwai titin mota mai zagaye, kimanin kilomita 13, wanda ya ratsa tsakiyar dajin sawaro. A gefensa akwai Desert Ecology, hanyar ƙafa mai daɓe wadda ba ta wuce mita 400 ba, keken guragu ma yana binta. A yamma akwai Signal Hill, zuwa da dawowa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma a samansa za ku ga zanen da mutanen Hohokam suka sassaƙa a jikin duwatsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sai dai akwai matakalar dutse da mai ciwon gwiwa zai hau a hankali. Valley View ta ɗan fi kilomita ɗaya, ƙarshenta kuma fili ne shimfiɗe iya ganin ido. Waɗannan sun ishi kaka da jika.

Akwai kuma na ƙarfafa. Daga King Canyon zuwa ƙololuwar Wasson, mai tsayin mita 1,429, tafiyar kimanin kilomita 11 ce zuwa da dawowa, da hawa mai tsanani. Hanyoyin duwatsun Rinkon suna haurawa har sama da mita 2,600. Kuskuren da iyalai suke yi shi ne saurayin gida ya zaɓi hanya, sauran su bi don kunya. Uwa mai hawan jini ba za ta ce ta gaji ba, don kada ta ɓata wa yara rana. Yaro ɗan shekara shida ba zai ce yana jin ƙishirwa ba sai ya fara layi. Alhakin ku ne masu lafiya ku yi musu wannan lissafin tun ba su roƙa ba.

Za ku ce an kashe kuɗi, an yi tafiya mai nisa, a koma ba a hau dutse ba? Amsar tana da sauƙi. Ku rabu gida biyu, ƙarfafa su yi sammako su hau, sauran su bi gajeruwar hanya su jira a cibiyar baƙi inda akwai ruwa da sanyi. Ko kuma ku ɗaga tafiyar zuwa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da rana take da daɗi, dare kuma yake da sanyin da sai da rigar ɗari. Idan dole sai a bazara, ku fara da fitowar rana, ku kasance cikin mota kafin ƙarfe goma.

Abin da majinyaci zai sani kafin ya fita

Wasu za su ce tunda haka ne, mai ciwo ya zauna gida mana. Ban yarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma tafiya a ƙafa tana rage hawan jini, tana daidaita sukari, tana sassauta damuwa. Wanda aka mayar ɗan zaman ɗaki saboda ciwo yakan ƙara da ciwon kaɗaici. Abin da ake buƙata shi ne shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya duba magungunansa tare da likitansa. Masu sa fitsari, irin su furosemide da hydrochlorothiazide, suna rage ruwan jiki tun kafin a fara tafiya. Irin su atenolol da propranolol suna hana zuciya ƙara gudu yadda take buƙata don fitar da zafi. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi, da wasu na tabin hankali, suna rage zufa. Kada kowa ya daina shan magani da ra'ayin kansa. Ya tambaya, a gaya masa yawan ruwan da ya dace da shi, musamman idan likita ya taɓa iyakance masa shan ruwa saboda ƙoda ko zuciya.

Mai ciwon sukari ya gwada jininsa kafin fita, ya riƙe dabino ko alawa a aljihu, domin tafiya tana saukar da sukari, kuma alamun saukarsa suna kama da na galabaitar zafi. Kada a bar insulin a cikin mota a rana, zafi yana lalata shi. Ya sa takalmi rufaffe da safa, ya duba tafin ƙafarsa bayan dawowa, saboda ƙafar da jijiyoyinta suka mutu ba ta jin sukar ƙaya.

Mai sikila ya fi kowa buƙatar taka tsantsan. Ƙarancin ruwa, wahalar jiki da hawa wuri mai tsayi duk suna tayar da ciwon. Gajerun hanyoyin ƙasa, da sassafe, da ruwa wadatacce, su ne nasa. Mai juna biyu da tsoho da ƙaramin yaro su ma haka. Mai azumi kuwa ya bar tafiyar rana gaba ɗaya har sai ya sauke.

Ruwa, gishiri da alamun haɗari

Hukumar gandun tana ba da shawarar kusan lita 4 ga kowane mutum a yini, kuma ba a samun famfo a kan hanyoyin, sai a cibiyoyin baƙi. Ku sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ku jira ƙishirwa. Ruwa zalla kuma bai isa ba idan tafiyar ta yi tsawo, domin wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa ba ya cin komai gishirin jininsa yakan faɗi, ya kamu da ciwon kai da amai da ruɗewa. Gyaɗa mai gishiri ko biskit sun wadatar, haka ma ruwan gishiri da sukari da kowace uwa ta sani: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kada ku yarda da labarin cewa ana fasa jikin sawaro a sha ruwa. Abin da ke ciki ba ya shayuwa, kuma doka ta hana taɓa shi.

Galabaita tana farawa da jiri, ciwon kai, tashin zuciya, murɗewar tsoka da kasala. Wanda ya nuna haka a zaunar da shi a duk inuwar da aka samu, a sassauta masa tufafi, a jiƙa shi, a ba shi ruwa, kuma tafiyar ta ƙare kenan ga kowa. Idan kuwa ya fara surutai marasa kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa babu dalili, ko ya suma, to zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, jikinsa ya kai digiri 40 ko fiye, kuma rai ne a kan gaɓa. A kira 911 nan take, a kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta yi masa fifita. Kada a ɗura masa ruwa a baki yana cikin ruɗewa, kada kuma a ɓata lokaci da farasitamol, ba ya aiki a irin wannan zafin. Ganin yana zufa kada ya kwantar muku da hankali.

Saura 'yan abubuwa. Akwai macizai masu ƙararrawa a wutsiya. Wanda aka sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, a cire zobe da agogo a nemi asibiti. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, busasshen rafi yakan cika da ambaliya cikin mintuna ko da ruwan a nesa ya sauka. Waya ba ta kamawa ko'ina, don haka ku gaya wa wani hanyar da kuka bi da lokacin dawowarku. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar. Sannan ƙurar yankin tana ɗauke da wani nau'in fangas mai kama huhu. Idan tari da zazzaɓi suka biyo baya cikin mako ɗaya zuwa uku, ku gaya wa likita cewa kun je Arizona, domin cutar takan fi tsanani ga masu juna biyu, masu ciwon sukari, masu raunin garkuwar jiki da kuma baƙar fata.

Dokar rabin ruwa ita ce ta fi duk waɗannan wuyar bi, saboda ba ilimi take nema ba, haƙuri take nema. Lissafinta a bayyane yake: abin da kuka sha a zuwa, shi za ku buƙata a dawowa, kuma dawowar cikin rana mafi zafi za ku yi ta, da ƙafafun da suka riga suka gaji. Ku yanke hukuncin tun a gida, a gaban yara, ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba gorunan, kuma idan ya ce a juya kada a yi masa gardama. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sawaro da kuka bari a gaba ya shekara ɗari yana tsaye a wurin, zai jira ku zuwa baɗi. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.