Littafin bashi a dajin roba

Daga birnin Manawus na ƙasar Birazil, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ruwa, akwai wani wuri a bakin rafi mai suna Vila Paraíso. Ba tsohon ƙauye ba ne. An gina shi domin ɗaukar wani fim, sannan a shekara ta 2002 aka mai da shi gidan tarihi, don ƴan makaranta da baƙi su ga yadda aka yi sana'ar roba a dajin Amazon.

Mai rakiya yakan tsaga ɓawon itacen a karkace, farin ruwa mai kamar madara ya tsiyaya cikin ɗan gwangwani. Daga nan sai bukkar hayaƙi, inda ake zuba ruwan bisa sanda ana juyawa har ya daskare, ya zama baƙin curi mai nauyi. Wannan abin kallo ne, babu shakka.

Amma ɗan kasuwa, a kantin ubangida ya kamata ya daɗe. Farin da ya faɗa wa jihar Seyara a shekara ta 1877 ya koro dubban talakawa zuwa dajin, suna zaton cin rani za su yi su koma gida da jari. Kuɗin jirgi, wuƙa, fitila, garin rogo, duka an rubuta wa mutum su bashi tun bai tsaga itace ko ɗaya ba. Ba shi da izinin saye ko sayarwa sai a wannan kanti. Ma'auni na ubangida ne, shi ke yanka farashin roba da na abinci, shi ke riƙe da alƙalami, ga shi mafi yawan ma'aikatan ba su iya karatu ba. Mai bashi kuwa ba ya barin daji. Shi kansa ubangidan, manyan gidajen ciniki na Manawus da Belem na bin sa, su ma Turawa masu fitar da kaya na bin su. Da ribar wannan ciniki aka gina ƙasaitaccen gidan wasan kwaikwayo na Manawus, wanda aka buɗe a 1896.

Ashe tun 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi irin itacen wajen 70.000 ya kai lambun Kew a Ingila, daga can aka aika da dashe Silan da Malaya. A Amazon itatuwan warwatse suke, sai an sha tafiya tsakaninsu. A Asiya jere aka dasa su, aiki ya yi sauƙi, kaya suka yi araha. A 1913 robar Asiya ta zarce ta Birazil yawa. Farashi ya faɗi warwas, gidajen ciniki suka karye, ma'aikata da yawa kuma suka maƙale a daji, babu ko kuɗin jirgin komawa Seyara.